Ba Nasiha Suka Rasa Ba

Kwanakin baya na je gidan wani abokina duba ƙanwarsa. Wata bakwai ke nan ba ta leƙa ko ƙofar gida ba. Ta ajiye aiki, barci ya ƙaurace wa idonta, in ka yi mata magana sai ta zuba maka ido kamar ba da ita kake ba. An yi gwajin jini, an ɗauki hoto, ba a ga komai ba. Daga baya likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya rubuta magani, ya kuma ce a riƙa kai ta wurin masanin halayyar ɗan Adam sau ɗaya a mako, su zauna su tattauna.

Ina nan zaune babban yayansu ya shigo. Da aka mayar masa da abin da likita ya ce, sai ya girgiza kai.

"Wato hira za a riƙa kai ta? Wace magana ce ba mu yi mata ba a gidan nan? Na yi mata nasiha, Mama ta yi, Baba ya yi har bakinsa ya gaji. Da magana magani ce ai da tuni ta miƙe."

Abokina ya ce, "Yaya, a dai daure a gwada."

Ya ce, "Ƙwayar dai a ba ta. Wancan ɓata lokaci ne."

Ban tanka ba, don ba hurumina ba ne. Amma maganar ta tsaya mini a rai har na rasa sukuni. Mutumin nan yana son ƙanwarsa, na ji yadda muryarsa ke rawa. Kuskuren kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba, na sha jin sa a bakin masu boko mai zurfi da waɗanda ba su yi ba.

Ni dai ga matsayata. Nasiha daban, jinya daban. Abin da ƙwararre ke yi da mara lafiya a cikin ɗakin nan aiki ne da aka koya, aka gwada, aka auna sakamakonsa, kamar yadda ake auna na allura. Mai ciwon damuwa, da mai fargaba, da mai waswasi, da wanda shaye-shaye ya kama, ba nasiha suka rasa ba. In ma an tashi faɗin gaskiya, yawa ta yi musu.

Me ya raba nasiha da jinya?

Nasiha tana gaya wa mutum inda ya kamata ya je. Matsalar ita ce ya riga ya sani. Mai shan ƙwaya ya fi ka sanin tana cinye shi. Mai waswasi ya san hannunsa fes yake tun wankin farko. Yarinyar nan ta san zaman ɗaki ba ya ƙara mata komai. Sanin bai kai su ko'ina ba, don ba a nan cutar take ba.

Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, wanda ya rasu a 2021 yana da shekara 100. A tafarkin Sigmund Freud, likitan Ostiriya da ya shahara wajen nazarin ɓoyayyen tunanin ɗan Adam, ya yi karatu, kuma ya fara bincikensa ne don ya tabbatar da ra'ayin da ke cewa ciwon damuwa fushi ne da mutum ya juya wa kansa. Da ya saurari marasa lafiyarsa da kyau, sai ya ci karo da wani abu daban. Akwai wasu tunane-tunane da ke faɗo musu a rai ba sallama, su wuce kamar walƙiya, su bar su a kwance: ni ba ni da amfani, kowa ya gaji da ni, ba abin da zai taɓa gyaruwa. Daga nan, a shekarun 1960, ya gina hanyar gyaran tunani da ɗabi'a, wadda yanzu ake taƙaita sunanta da CBT.

Ga yadda bambancin yake a aikace. Mara lafiya ta ce, "Kowa ya tsane ni." Mai nasiha zai ce, "Haba, daina faɗin haka, kowa na son ki." Ta yi shiru. A ranta kuwa ta ƙara wani: ga shi nan, ko fahimtata ba a yi.

Ƙwararre ba zai yi mata musu ba. Zai tambaye ta yaushe tunanin ya zo. Ta ce jiya da daddare. Me ya faru kafin nan? Ta aika wa ƙawarta saƙo, ba ta amsa ba. A lokacin, kashi nawa cikin ɗari ta yarda cewa an tsane ta? Ta ce casa'in. To, ita ta taɓa ganin saƙo ba ta amsa ba? Ta taɓa. Ƙiyayya ce ta hana ta? A'a, gajiya ce. Sai su rubuta wannan duka a takarda, su shirya gwaji: ta kira ƙawar kafin zama na gaba, ta rubuto abin da ta yi zaton zai faru da abin da ya faru.

Ba a gaya mata komai ba. Tambayoyi aka koya mata, waɗanda za ta yi wa kanta da ƙarfe biyun dare lokacin da ba kowa kusa da ita. Galibi zama 12 zuwa 20 ake yi, kowane da aikin gida. Wanda ya kira wannan hira bai taɓa ganin littafin aikin mara lafiya ba.

Akwai ma wata hanya da ta fi wannan sauƙi. Ciwon damuwa yana sa mutum ya janye daga duk abin da a da ke faranta masa rai, janyewar kuma ta ƙara masa ciwon. Sai a daina jiran ranar da zuciya za ta so, a tsara ƙananan ayyuka da lokacinsu, a yi su ko rai bai so, jin daɗin ya biyo daga baya. A 2016 an wallafa wani bincike a Ingila a kan mutum 440, aka ga wannan hanya, a hannun ƙananan ma'aikata masu gajeren horo, ba ta gaza CBT ba bayan shekara guda.

Inda ƙauna ke ciyar da cuta

Nan ne na fi so a tsaya, don nan ne iyali ke yin ɓarna da zuciya ɗaya.

Ina da wani maƙwabci da ya yi haɗarin mota. Jikinsa ya warke cikin 'yan makonni, amma ko ƙarar birki ya ji sai zufa ta karyo masa, ƙirjinsa ya riƙa bugawa kamar zai fashe. Ya daina tuƙi, daga baya ya daina shiga mota gaba ɗaya. Matarsa, saboda tausayi, ta ɗauke masa duk wata fita. 'Ya'yansa suka daina ambaton tafiya a gabansa. Kowa na lallaɓa shi. Shekara ta zagayo, tsoron sai gaba yake yi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Duk lokacin da mutum ya guje wa abin da yake tsoro, yana samun sauƙi nan take, ƙwaƙwalwarsa kuma ta ɗauki darasi: gudun nan ne ya cece ni. Gobe sai ta ƙara matsa masa ya gudu. Ba ta taɓa samun damar ganin cewa da ya tsaya ba abin da zai faru.

Da aka kai shi wurin ƙwararriya, ba ta ce masa ya cire tsoro ba. Tsani suka zana tare, daga abin da ya fi sauƙi zuwa wanda ya fi wuya. Makon farko aikinsa shi ne ya zauna a cikin mota tana tsaye, ƙofa a buɗe, yana auna tsoronsa daga sifili zuwa goma, kada ya fito sai ya sauko. Na gan shi da idona wata safiya, ya riƙe sitiyari da hannu biyu, rigarsa ta jiƙe sharkaf, agogo a kan cinyarsa. Ya gaya mini ranar farko daga tara ya fara, sai da ya yi kusan rabin awa kafin ya sauko biyar. Rana ta huɗu daga shida ya fara. Daga nan aka rufe ƙofa. Daga nan aka tayar da inji. Daga nan ɗansa ya ja motar zuwa ƙarshen layi ya dawo.

Wannan dabara ta daɗe. A 1924 Mary Cover Jones, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta yi ta da wani yaro ɗan kimanin shekara uku mai tsoron zomo: tana matso da kejin zomon kaɗan-kaɗan yayin da yaron ke cin abin da yake so, har ya kai ga taɓa shi. Joseph Wolpe, likita daga Afirka ta Kudu, ya tsara ta ga manya a 1958.

Haka abin yake ga mai waswasi, wanda zai duba kullen ƙofa sau ashirin ko ya wanke hannu har fata ta tsage. Yakan tambayi na kusa da shi, "Ka tabbata na kulle?" A ce masa, "Ka kulle, kwantar da hankalinka." Hankalin ya kwanta na minti biyar, tambayar ta dawo da ƙarfinta. Amsar da aka ba shi don ƙauna ita ce abincin cutar. A 1966 Victor Meyer a Landan ya nuna cewa in aka sa irin wannan mara lafiya ya fuskanci abin da ke tayar masa da hankali, aka kuma taimaka masa ya daure bai yi wankin ko dubawar ba, damuwar tana hawa ta kai ƙololuwa, ta sauko da kanta. Har yau wannan ce hanyar da ta fi tasiri a kan waswasi.

Wace uwa ce za ta gano wannan da kanta? Zuciyarta ce mata take ta kare ɗanta. Shi ya sa ake buƙatar wanda ya koyi aikin, wanda zai zauna da iyalin ma ya nuna musu inda taimakonsu ke zama cikas.

"Ai lokaci ne magani"

Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma ba jahilai ne suka fara kawo ta ba. A 1952 Hans Eysenck, babban masanin halayyar ɗan Adam a Landan, ya rubuta cewa kimanin kashi biyu cikin uku na masu irin waɗannan matsaloli suna samun sauƙi cikin shekara biyu, ko an yi musu jinya ko ba a yi ba. Maganar ta yi wa masu sana'ar zafi, amma ta yi amfani, don ta tilasta musu su kawo hujja a maimakon labari.

A 1977 Mary Lee Smith da Gene Glass suka tattara bincike 375 suka auna su tare. Suka samu cewa matsakaicin wanda aka yi wa jinya ya fi kashi 75 cikin ɗari na waɗanda ba a yi wa ba samun sauƙi. Tun daga lokacin an yi ɗaruruwan gwaje-gwaje da suka fi waɗancan tsauri.

Ba zan yi wa kowa ƙarya ba, ba kowa ke warkewa ba. Ingila ta buɗe wani babban shiri na irin wannan jinya a 2008, wanda Richard Layard da David Clark suka yi fafutukar kafa shi, kuma ana auna kowane mara lafiya a kowane zama. Kimanin rabin waɗanda suka kammala ne ke warkewa. Rabi ke nan ba su kai ga haka ba, ko da yake da yawansu sun samu sauƙi. Amma ga mai cewa a bar wa lokaci, ina tambaya: shekara biyun nan wa zai biya ta? A cikinta ake rasa aiki, aure ya mutu, karatu ya tsaya. Wasu kuma ba sa kaiwa ƙarshenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ke kashe kansu duk shekara.

"Ƙwaya ta isa"

Ban zo yaƙi da ƙwaya ba, kuma ina jin haushin masu yin haka. Akwai cututtukan da magani ne ginshiƙinsu. Wanda ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko yake ganin ana bin sa za a kashe shi, ko yake hawa sama ya kwana bakwai ba barci yana rabar da dukiyarsa sannan ya faɗo ƙasa warwas, wannan likita yake buƙata da magani, ba tare da jinkiri ba. Kafin likita John Cade ya nuna amfanin maganin lithium a 1949, da kuma fara amfani da maganin chlorpromazine a Faransa a 1952, irin waɗannan bayin Allah galibi kulle su ake yi. Duk wanda ya ce wa irin wannan mara lafiya ya ajiye maganinsa ya zo a yi magana, ya cuce shi.

Sai dai ko a nan ɗin, an gano cewa in aka zauna da iyali aka koya musu rage faɗa da gori da sa ido mai yawa, ciwon ba ya saurin dawowa.

A ciwon damuwa da fargaba kuwa, bincike ya nuna ƙwaya da jinyar tattaunawa kusan kunnen doki suke yi, haɗa su kuma ya fi kowanne shi kaɗai, musamman in ciwon ya yi tsanani. Bambancin yana fitowa ne bayan an daina. Ƙwaya tana aiki muddin ana sha. Abin da aka koya kuwa yana nan tare da mutum, shi ya sa waɗanda suka yi CBT ba sa saurin komawa ruwa kamar waɗanda suka ajiye ƙwaya. A rashin barci mai daɗewa ma, wata babbar ƙungiyar likitoci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa da gyaran ɗabi'ar barci za a fara, kafin a kai ga ƙwayar barci.

Likitan yarinyar nan duka biyun ya rubuta. Yayanta ne ya tsaga takardar gida biyu ya zaɓi rabin da ya gane.

Wanda ake so ya canja hali

A kan shaye-shaye ne nasiha ta fi yawa, a nan kuma ta fi faɗuwa. Ana tara mutum a yi masa ca, a tuna masa da mutuncin gidansu, a tsorata shi da kabari. Ya sunkuyar da kai ya ce ya daina. Bayan mako biyu a tsince shi inda aka saba.

William Miller, masani daga Amurka, ya lura da wani abu da kowa zai iya gwadawa a gida. Mai shaye-shaye zuciyarsa biyu ce, ɗaya na son bari, ɗaya na son ci gaba. In ka tsaya a ɓangaren bari kana kawo hujjoji, ka bar masa ɗaya ɓangaren ke nan ya kare. Sai ya riƙa jin bakinsa na cewa, "Ai ba kullum nake sha ba, ai ina zuwa aiki, ai wane ya fi ni." Mutum kuwa ya fi yarda da abin da ya ji daga bakinsa. A 1983 Miller ya fitar da wata hanya da ke juya abin: a yi tambayoyin da za su sa shi da kansa ya faɗi dalilan bari. Me kake so game da shan? Me ke damun ka game da shi? In abin ya ci gaba haka shekara biyar, ina kake ganin kanka? A wani bincikensa na 1993 ya samu cewa gwargwadon yadda mai jinya ya yi wa mashayi fito-na-fito, gwargwadon yawan shan da yake yi bayan shekara.

Tsoratarwa ma an gwada ta. A shekarun 1970 aka fara wani shiri a Amurka na kai yara masu ƙiriniya gidan yari, fursunoni su yi musu ihu su nuna musu abin da ke jiran su. Kowa ya yaba, don a ido abin ya yi kama da hankali. Da aka bi diddigin yaran, sai aka ga waɗanda aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya. Garin neman ƙiba aka samo rama.

Sannan canjin hali yana cin lokaci fiye da haƙurin masu nasiha. Binciken da Phillippa Lally ta jagoranta a Landan ya nuna ƙaramar sabuwar ɗabi'a tana ɗaukar matsakaicin kwana 66 kafin ta zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254. Wannan fa ƙaramar ɗabi'a ce irin ta motsa jiki. Shi ya sa ƙwararre ba ya ɗaukar zamewa a matsayin cin amana. Zama yake a duba: da wa kake, ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, me za ka yi in ya sake faruwa?

"Wannan na Turawa ne, mu addu'a muka sani"

Addu'a ba kishiyar magani ba ce. Wanda ya karye a ƙafa yana addu'a kuma ana ɗora shi, ba wanda ke ce masa imaninsa ne ya yi rauni. Mai ciwon damuwa kaɗai ake wa wannan gorin, a ƙara masa nauyin laifi a kan wanda cutar ta riga ta ɗora masa.

Batun na Turawa ne kuwa, tarihi bai goyi bayansa ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a shekarar 934, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai. Ya raba baƙin cikin da aka san sanadinsa da wanda ke sauka ba dalili, ya yi bayanin tsoro da fushi da waswasi, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunane-tunane tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar buƙata. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara dubu ke nan kafin Beck.

"Ina ƙwararrun suke?"

Wannan ce hujjar da ta fi damuna, don gaskiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 970 ne ke fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, wato ɗaya cikin takwas. Gwamnatoci kuwa kimanin kashi biyu cikin ɗari na kasafin lafiya suke ware wa wannan fanni. Ko shekara hamsin za a yi ana yaye likitoci ba za su isa ba.

Amma an samu mafita, kuma daga ƙasashe marasa ƙarfi ta fito. A Zimbabuwe, likitan ƙwaƙwalwa Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata ma'aikatan lafiya na unguwa, aka ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitocin Harare. Zama shida suke yi da mara lafiya: a jero matsalolinsa, a zaɓi guda, a nemo hanyoyin warware ta, a tsara matakin farko. Ba sa amfani da manyan kalmomi, kalmar harshensu na Shona suke faɗa, kufungisisa, wato yawan tunani. A sakamakon da aka wallafa a 2016, bayan wata shida kimanin kashi 14 cikin ɗari ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da alamun ciwon damuwa, alhali a rukunin da aka yi wa kulawar da aka saba kusan rabi ne.

A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman da abokan aikinsa sun koya wa mata ma'aikatan lafiya masu bin gida-gida dabarun CBT don masu juna biyu da ke fama da ciwon damuwa. A rahoton 2008, wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin ɗari ne suka rage da ciwon, a rukunin da ba a yi wa wannan jinya ba kuma kashi 53. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta fitar da wani tsari na zama biyar a 2016, wanda wanda ba likita ba zai iya koya.

Wani zai ce, ka gani, ashe tsofaffi ma suna yi, to ai nasihar ce. A'a. Tsofaffin nan sun shekara da shekaru suna nasiha kafin Chibanda ya zo. Abin da horon ya ƙara musu shi ne su riƙe shawararsu, su saurara, su bar mai matsala ya nemo mafita da kansa, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ana kuma bibiyar aikinsu, sun san alamun da in sun gani za su miƙa mutum ga likita nan take.

Inda yayan yake da gaskiya

Shakkarsa ba banza ba ce gaba ɗaya. Abin da ke iya warkarwa yana iya cutarwa, kuma an yi ɓarna da sunan wannan jinya.

An daɗe ana tara waɗanda bala'i ya rutsa da su, kwana ɗaya ko biyu bayan abin, a sa su kwashe labarin tas a zama guda, wai don kada ya zauna musu a rai. Bincike ya nuna hakan ba ya hana komai, wasu ma ƙara musu yake, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina. A Amurka a shekarun 1980 da 1990 wasu masu jinya sun riƙa matsa wa marasa lafiya su "tuno" cin zarafin da aka yi musu suna yara, har mutane suka gaskata abin da bai faru ba, gidaje suka watse. Masaniyar halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus ta nuna a gwaje-gwajenta yadda ake iya dasa wa mutum tunanin abin da bai taɓa faruwa da shi ba. Yau kuma intanet ta cika da masu kiran kansu ƙwararru bayan kwas na mako biyu, suna raba wa mutane sunayen cututtuka ta bidiyon minti ɗaya.

Don haka mara lafiya da danginsa suna da haƙƙin tambaya. A ina ka yi karatu, wace hukuma ce ta ba ka lasisi? Wace hanya za ka bi da ni, kuma an gwada ta a kan irin matsalata? Zama nawa kake hasashe? Da me za mu gane ana ci gaba? Wa zai ji abin da na faɗa? Ƙwararren gaske ba ya jin haushin waɗannan. Zai ce sirrinka a rufe yake, sai fa in ranka ko na wani na cikin haɗari. In an yi wata biyu ba alamar motsi, shi zai fara cewa a canja hanya ko a nemi wani.

Jituwa ma tana da nata matsayi. Tun 1957 masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya dage cewa sai mara lafiya ya ji an fahimce shi, an karɓe shi ba sharaɗi, kuma wanda ke gabansa ba fuska biyu gare shi ba. Bincike na baya ya tabbatar da cewa ƙarfin wannan alaƙa yana tafiya tare da samun sauƙi, ko wace hanya aka bi. Wanda bai saki jiki da mai jinyarsa ba bayan 'yan zama, ya nemi wani, ba laifi ya yi ba.

Abu guda ne ba ya jira. In mutum ya fara cewa gara ya mutu, ko ya gaji da rayuwa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Har ga masu yawan yi wa kansu rauni akwai jinya ta musamman, wadda Marsha Linehan ta tsara ta kuma gwada a 1991. A 2011 ta bayyana wa duniya cewa ita kanta ta yi sama da shekara biyu kwance a asibitin ƙwaƙwalwa tana budurwa.

Abokina dai bai jira amincewar yayansa ba, shi yake kai ƙanwarsa duk mako. Da na koma gidan, sai ta nuna mini wani ƙaramin littafi da aka ja wa layi uku: rana, abin da na yi, yadda na ji daga sifili zuwa goma. A shafin farko an rubuta, zama a tsakar gida minti goma da safe, biyu. A shafi na huɗu, na kira ƙawata, ta ce wayarta ce ta lalace, biyar. Har yanzu ba ta koma aiki ba, akwai kuma ranakun da layin ya zauna ba rubutu. Aikin wannan makon shi ne ta taka zuwa bakin titi ta dawo, kuma an ce ta zaɓi wanda zai raka ta. Ta ce Yaya take so, amma ba ta gaya masa ba tukuna.